Ba Mai Mara wa Baba Baya

Mahaifina, Honorabul Maiwada, ɗan adawa ne a majalisar jiha. Su biyu suka rage, shi da amininsa Baba Kalilu, sauran duk sun koma jam'iyyar gwamnati. Da direbansa da sakatarensa suka gudu, ni na karɓi aikinsu. Karatun lauyan da na yi ya ƙare a tuƙa shi daga gidanmu na unguwar Badariya zuwa majalisa, kuma ban taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba.

Abin da ke gabanmu shi ne manoman shinkafar Argungu da aka kulle don sun taru sun ƙi yarda a ƙwace musu fadama. Ko kotu ba a kai su ba. Baba ya shirya ƙudurin neman a sake su. A ƙa'idar majalisa kuwa, ba a tattauna ƙuduri sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce ya mara masa baya. Mutum guda kawai muke nema.

Ana gobe zama Baba Kalilu ya ci tuwon rana a gidanmu.

"Ilham ɗiyata, miyar kifin ga ta isa a yi mata ƙuduri," ya ce yana suɗe hannu.

"Kai dai ka miƙe gobe, Baba Kalilu," na ce.

"Ko da sanda ne sai na miƙe."

Washegari ina zaune a sama, wurin baƙi. Baba ya yi magana a natse har ya gama. Kakakin majalisa ya tambaya, "Akwai mai mara masa baya?"

Baba Kalilu na kan kujerarsa da sabuwar hula mai launin jam'iyyar gwamnati. Takalminsa yake kallo. Baba bai waiwaya ba, ya ci gaba da tsayuwa.

"Maiwada, ka mara wa kanka baya mana," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya. Kakaki ya buga guduma.

A bakin mota Baba Kalilu ya tare ni.

"Ɗiyata, an ce za a kori Taufiq ɗana daga aiki. Ki gane."

"Ina wuni, Honorabul," na ce, na rufe ƙofa.

Na so mu koma gida, Baba ya ce Argungu za mu, ba zai bari su ji a rediyo ba. Matan manoman na zaune a ƙofar gidanmu na can. Sadatu, matar Ummaru shugaban manoman, ta taso.

"Honorabul, mi anka ce?"

"Ba a ce komi ba, Sadatu. Ba a bari an yi maganar ba."

"Shinkafa ta nuna," ta ce. "Tsuntsu na ci."

Ba ta zage shi ba. Ta gyara goyonta ta tafi.

Yanzu an zagaye fadamar da waya. Ummaru na tsare har yau. Baba kuma duk zama sai ya kawo ƙudurin. An kashe lasifikarsa, da ya miƙe wasu sai su fita shan shayi. Gwiwarsa ta fara ciwo, sai ya dafa tebur.

Ni ke goge masa babbar riga, ni ke kai shi. Na san ba wanda zai miƙe. Duk da haka, da kakaki ya yi tambayar, sai in tashi tsaye a can sama. Ba a lissafawa da ni. Ɗan sandan wurin ma ya daina ce mini in zauna.