Birkin Laouali

Laouali ya ɗaure notin ƙarshe, ya matsa birkin sau biyu, ya ji ya kama tsaf. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gyaran keke a Maraɗi kafin ya zo birnin Greensboro, bai taɓa ganin keke mai kyau haka ba, kuma wai babu birki. Ko ramin ɗaura shi babu, sai da ya huda ƙarfen da kansa.

Keken na Wiebe ne, tsohon da Laouali yake jinya a garin Summerfield, kusa da Greensboro. Ɗan Holan ne, ya yi tashe a tseren keke tun ba a haifi Laouali ba, a kan titi da kuma zagayayyen filin katako. Hotunansa sun cika falo. Yanzu mantuwa ta cinye shi, wata biyar ke nan bai haɗa magana ba. Gobe 'yarsa Marijke za ta kai shi gidan tsofaffi, kuma abin da ke cin ranta shi ne ya tafi bai gane ta ba.

Da safe matar Laouali, Tchima, ta ce masa, "Kai dai da shisshigi. Aikinka wanka da ba da magani, ina ruwanka da keken mutane?"

"In ya gan shi a gyare zai tuna," in ji shi.

Ya turo keken falo yana walƙiya. Marijke ta bar kwalin da take cikawa. Tsohon ya ɗago kai a hankali, idonsa ya bi sirdi, ya bi sarƙa, ya tsaya a kan birkin.

"Wa ya sa wannan?"

Muryar ta fito garau. Marijke ta toshe baki da hannu.

"Ni ne, Baba. Na ga babu."

"Keken fili ba a sa masa birki. Mutum ashirin ne a bayanka, taya na shafar taya. Ka taka birki, ka kashe su. Da ƙafa ake rage gudu." Ya miƙa hannu, ya shafa inda aka huda. "Shekara arba'in ko ƙwarzane babu."

Kunya ta rufe Laouali, ya ji kamar ya nutse. Ya durƙusa da sifana ya kwance birkin, amma ramin yana nan.

Marijke ta tsuguna gaban kujerar, ta kama gwiwar mahaifinta. "Baba, ni ce. Ni kake ɗorawa a kan sirdin nan kana tura ni."

Ya dube ta da ladabi irin na baƙi.

"Baiwar Allah, in kin ga 'yata Marijke, ki gaya mata kada ta bari a taɓa mini keke. Ita ta san shi."

Ta daɗe a tsugune. Sannan ta share ido ta ce, "To, zan gaya mata."