Ruwan Zafi a Kan Iyaka

Kakin kurtu guda, na aro, ya yi mata yawa a kafaɗa. Farin ɗankwali. Butoci biyu, ganyen shayi, madara, kwandon borsok, ƙananan soyayyen burodi, da ke da sauran ɗumi. Babu waya, babu biro, babu takarda. Abin da Laftanar Cholpon Esenalieva ta ɗauko daga garin Naryn ke nan, kuma awa uku ke nan motar soja tana hawan dutse da su zuwa iyakar Sin.

Manjo Tashtanbek yana gaba, yana tsotsar busasshen cuku. Bai juyo ba ya ce, "Maimaita."

"Ni kurtu ce daga kicin, ranka ya daɗe. Ba na jin Sinanci. Shayi nake zubawa."

"In sun yi barkwanci?"

"Sai tafinta ya fassara, kowa ya yi dariya, sannan ni, in ma zan yi."

"In sun zagi ubanki?"

"In ƙara musu shayi."

Kyaftin Mirlan, tafintan rundunar, da ke zaune kusa da ita, ya kwashe da dariya. "Shekara biyar kina karatu a birnin Shi'an na ƙasar Sin, shekara guda a makarantar soja, ƙarshenta ga ki rungume da buta. Haba ƙanwata! Da surukarki ta koya miki wannan a mako guda."

"Yaya, kai shekara goma kana maimaita maganar mutane. Ka taɓa faɗin taka?"

"Kin ji ta, Manjo? Ko aikin ba a ba ta ba tukuna."

A aikinsu akwai baki, akwai kunne. Baki yana zama a teburi, a ɗauki hotonsa, maƙwabta su san sunansa da na matarsa. Kunne yana tsaye a baya, ba wanda ya san yana ji. Sashen kunne mutum biyu yake ɗauka a shekara. Cholpon ta wuce jarrabawar rubutu da ta saurare. Yau ce ta ƙarshe, kuma ba a maimaita ta.

Ɗakin taron yana kan mashigar dutse, ƙanƙara ta taru a gindin bangonsa. Dogon teburi, tutoci biyu, hafsoshi biyar ta kowane gefe. Maganar ranar ba ta da nauyi: dawakin makiyaya da suka tsallaka, da shingen da ƙanƙara ta kayar. Mirlan yana fassarawa cikin ƙwarewa. Cholpon tana zagayawa da buta. Kaɗan take zubawa a gindin kwano kamar yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa, ta miƙa da dama, hagu a ƙarƙashin gwiwar hannu.

A zagaye na biyu wani matashin kyaftin ɗin Sinawa ya ce da harshensu, idonsa a kan takarda, "Ke, butarki tana yoyo a kan takalminki."

Ba ta duba ƙasa ba. Ta cika masa kwano, ta tura masa borsok, ta wuce. Tsohuwar dabara ce, a makon farko ake koyar da ita.

Da aka tafi hutu, tafintocin ɓangarorin biyu suka fita shan taba, Manjo ya bi su. Baƙin suka saki jiki. Tana kwashe kwanuka tana ji. Za a canja kwamandansu wata mai zuwa. Sabuwar hanyar da suke yi zuwa sansanin sama za ta ƙare kafin sanyi. Sunaye uku, rana guda. Ta jera su a kanta, ɗaya bayan ɗaya, fuskarta kamar ta mai tunanin wanke-wanke.

Shugaban baƙin, Kanar Duan, dattijo ne siriri. Bai sa baki a hirar ba. Sai da aka kusa komawa ya karkata wajen mataimakinsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da Sinancin gwamnati ba, da harshen ƙauyukan Shi'an, irin na tsohuwar da Cholpon ta yi haya a gidanta.

"Tun da aka yi mini aiki a ciki, madara murɗa ni take yi. Amma ba a mayar wa mutanen nan kwano. Da zan sami ruwan zafi zalla, da na ji daɗi."

Aka koma teburi. Ta fara zagaye na huɗu. A gidan kakarta ta tashi, inda yarinyar da ta bari baƙo ya buɗe baki ya roƙi abu take shan mintsini a cinya. Sai da ta ajiye kwanon a gaban Kanar Duan sannan ta ga abin da ke ciki. Ruwan zafi, fari tas, yana tururi.

Dattijon ya dubi kwanon. Ya ɗago ya yi mata kallo ɗaya. Ya ɗauka ya sha.

Ta ci gaba da zagayenta.

Wajen sallama, ana musabaha ana ɗaukar hoto, Kanar Duan ya biyo ta kusa da ita yana ɓalla maɓallin rigar sanyinsa. Bai kalle ta ba.

"Na gode, 'yata. Ba kowa ke jin harshen garinmu ba."

Ba wanda ya ji. Mirlan yana can yana gyara hula a gaban mai hoto.

La'asar ta yi kafin su sauko barikin da ke gindin dutse. A ofis Manjo ya ɗauki biro, ita ta tsaya ta zazzage masa komai: kwamanda, hanya, sunaye, rana. Ya rubuta, ya tambaye ta sau biyu ta baya, bai kama ta da kuskure ba. Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur.

"Shekara shida rabon da in ga irin wannan. Batun butar ma na gani. Sa hannu nan."

"Akwai saura, ranka ya daɗe."

Ta faɗa masa batun ruwan zafin. Cikin jimloli huɗu. Ba ta kawo kakarta ba.

Manjo ya ajiye biron.

"Wa ya gani?"

"Shi kaɗai."

"Da kin yi shiru, da yanzu kin shiga."

"Da na shiga. Sai duk taro su riƙa zuba mini ƙarya a kunne, ni kuma in ɗauko in kawo maka. Abin da na ji kafin ruwan, ka riƙe. Bayansa sun yi maganar motoci, ban ma kawo maka ba."

"Ruwan zafi," in ji Manjo. Ya shafa fuska. "Na ga wanda dariya ta tona, na ga wanda zuciya ta tona. Yau na ga tarbiyya." Ya mayar da takardar aljihun tebur. "Fuskarki ta ƙone a wannan iyakar. Kafin ya kai gida ya riga ya rubuta kamanninki. Ba za ki sake riƙe buta a gaban Basine ba."

"Na sani."

"To, hanya biyu ce. Ki zama baki. Da Sinancinki, shekara uku kin wuce Mirlan, ga babban birni Bishkek, ga tafiye-tafiye da manya. Ko ki koma aji. Ana neman kunne a kudu, na harshen Pashto. Shekara biyu daga baƙaƙen farko, tare da yara 'yan shekara goma sha tara, babu ƙarin girma. Shekara biyar ɗinki ta Sin kuwa sai dai ki riƙa karanta jarida da ita. In kin gama ki sake wannan jarrabawar, ba ni da alkawari. Je ki yi tunani zuwa Litinin."

Ta sara masa, ta juya. Ƙofar a buɗe take. Mirlan yana jingine a baranda, da alama ya ji rabin maganar.

"Taho, ƙanwata," ya ce. "Akwai kujera kusa da tawa. A teburi kai ake zuba wa shayi."

Cholpon ta kama marikin ƙofar, ta rufe ta daga ciki, ta juyo wajen Manjo.

"Ba sai Litinin ba, ranka ya daɗe. Rubuta Pashto."