Lamba Bakwai

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta zo wa Funtuwa da wani irin hali. Hadari sai ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, ya tsaya bisa gari kamar baƙo mai neman gidan wani, sa'an nan ya watse ko ɗigo babu. Labo, wani tsohon Bamaguje mai noman auduga a bayan garin Ƙarfi, ya lura da wani abin kuma. Tururuwa na kwashe ƙwansu daga gindin katangu, sun yi jeri sun nufi bayan gari. Ya faɗa wa mutane a tasha, suka ce burkutun jiya ne bai sake shi ba.

Duk ranar kasuwa Labo kan ya da zango a kantin Benedict, wani Ibo mai sayar da fitilu da kwanuka, wanda gari ke kira Banadi. Banadi ya tsufa a Funtuwa, amma Hausarsa ba ta tsufa ba, har yau mace "shi" ce a bakinsa. 'Yarsa kuwa, Ifeyinwa, a nan aka haife ta. Uwarta ta rasu tana goye, matan unguwa suka yi renonta, sunan ya yi musu nauyi suka gutsure shi ya koma Uwa. In tana magana a bayan zana, ba mai cewa ba Bakatsiniya ba ce.

Ran nan Labo ya tarar da sabon akwatin ƙarfe a tsakar kanti, an rubuta sunan yarinyar a jikinsa da farin fenti.

"Labo, mutumina!" in ji Banadi. "Uwa ya ci jarrabawa na Turanci! Takarda ya ce fas. Za shi Ingila, asibiti, koyon jinya!"

Labo ya yi masa barka. Amma da ya zaga baya neman ruwa, sai ya iske Uwa zaune a kan turmi, ta zuba wa kaji ido.

"Baba, ba inda za ni," ta ce a hankali.

"Ba an ce kin ci ba?"

"Lamba bakwai suka ba ni."

Labo ya ajiye moɗa. Shi dai a kasuwar auduga ya san lamba. Malamin awo ya tura hannu cikin buhu, ya ce ɗaya, ko biyu, ko uku, shi ke nan.

"Auduga ma iyakarta uku," ya ce. "Wace irin ƙazanta kika kai musu har ta kai bakwai? Da kashin awaki kika haɗa?"

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da gefen zane, ta yi masa bayani. Su lambobinsu daga ɗaya ne zuwa tara, kuma kamar na auduga, ƙarama ita ce babba. Daga ɗaya zuwa shida ana ce masa kiredit. Bakwai da takwas fas. Tara an faɗi warwas. Asibitin kuwa ya ce in ba kiredit ba ne, kada ma mutum ya wahalar da kansa. Babanta ya ga fas, murna ta rufe masa ido, ita kuma ta kasa buɗe baki.

"Shi fas ɗin me yake nufi da Hausa?"

"Wuce."

"Sun ce ki wuce, kuma sun danne ƙofa?"

"Haka nan ne, Baba."

Labo ya jinjina kai. Ya daɗe da yarda a ransa cewa lamba ɗaya kaɗai ke hawa jirgin ruwa ta ga Ingila. Lamba uku a auna ta, a karɓa, a yi mata godiya, amma nan za ta ƙare.

"To ai auduga in ta sha ƙasa, tsince ta ake yi a sake kaiwa."

"Ana sakewa. Sai bayan kaka."

Bayan kaka. Labo ya dubi ƙofar kanti. A lokacin nan mahaucin da kullum kan tsaya ya tsokani Banadi ya zo ya shige, kansa a sunkuye, ko sallama. Labo ya tuna maƙerin Malumfashi da ya ce masa bana an fi neman adda a kan fartanya, ga shi kuwa ba lokacin sassabe ba ne. Ya tuna samarin tasha da yake gani suna zaune shiru, suna nuna kantuna da leɓe. Ya tuna tururuwa.

Ya koma ciki ya ce, "Banadi, rufe kantin nan ku zo gona ku sha iska. Matata Marka ta share muku ɗaki."

Banadi ya tuntsire da dariya. "Ni ɗan gari ne, Labo. Wa zai taɓa Banadi? Kuma yarinya mai fas, ka kai shi ƙauye ya yi noma?"

Labo bai ja ba. Ya san mutumin, ko da igiya ba a fitar da shi. Ya sosa gemu, ya ce, "To, tun da tafiya ta kama, gara ta yi sammakon barin gari kafin ruwa ya ɓata hanyar Zariya. Ta jira jirgin ƙasa a can wurin 'yan'uwanku. Kasuwa mai zuwa ni zan sa ta a mota da hannuna."

Wannan kam ta yi wa Banadi daɗi. Da suka keɓe, Uwa ta riƙe hannun rigar Labo.

"Baba, ƙarya za mu yi masa?"

"Mu muka rubuta fas? Aradu, ba zan bar ki cikin garin nan har kaka ba."

Ranar kasuwa ta zo, kasuwa ba ta cika ba. Karnuka ma sun yi tsit. Banadi ya rungume 'yarsa a bakin kanti, ya ce ta aiko masa da hoto sanye da farar hula, ya koma ciki don wani ya shigo tambayar lagwani. Labo ya kinkimi akwatin har tasha, ya dubi farin rubutun nan da ke ƙyalli kamar haƙori, ya tura shi bayan wasu buhunan gurya, ya bar shi nan. Daga burgamensa ya zaro baƙin zanen saƙi na matarsa Marka. Uwa ta shiga rumfar wata mai fura ta fito ɗaure da shi, ba takalmi, da ƙwarya a hannu. Suka bar motar Zariya tana lodi, suka hau ta Malumfashi.

Ba su yi nisa da gari ba mota ta ci birki. An gitta kututture a hanya. Mutane ne tsaye da sanduna da adduna, sababbi, ko tsatsa ba su yi ba. Aka ce kowa ya sauko. Ba su tambayi takarda ba, ba su tambayi suna ba. Magana kawai suke sa mutum ya yi, su kasa kunne ko za su ji harshen Ibo. Wani mai dogon wando ya buɗe baki, aka ja shi gefe ƙarƙashin ɗorawa, aka ce ya zauna.

Uwa ta ɗaga ƙwarya za ta aza a ka, yadda ta saba gani a gari.

"Kafaɗa," Labo ya raɗa mata, bakinsa bai motsa ba. Matan gidan Bamaguje ba su ɗaukar kaya a ka, sai a kafaɗa.

Ta sauke ta bisa kafaɗa. Wani dogo mai jan ido ya tsaya a gabanta, ya dubi ƙafafunta da ba su san kaushi ba, ya daɗe yana dubawa.

"Tsoho, wannan fa?"

"Jikata ce."

"Ba kai na tambaya ba." Ya juya gare ta, ya taɓa ƙwaryar da bakin adda. "Ke, mene ne wannan?"

Hadarin nan ya sake haɗuwa, iska ta ɗauke, har ana jin ƙudaje.

"Ƙwarya ce mana," in ji Uwa, ta murguɗa baki. "Ko a ƙauyenku a ƙoƙon kai ake dama muku fura? Ɗage ƙarfen nan kada ka fasa wa kakata abinta, ɗan nema!"

Na bayansa suka fashe da dariya. Dogon ya yi tsaki, ya sauke adda.

"Arna ba kunya. Wuce."

Mota ta tashi, an rage mutum biyu. Suka haura rafi. Uwa ta matso kusa da Labo.

"Baba, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji. Wannan kam lamba ɗaya kika ci."

Sa'an nan ta ce, "Babana kwarya yake cewa. Tun ina ƙarama nake gyara masa, ya kasa."

Labo ya juya ya leƙa ta tsakanin katakon bodin motar. Hadari na nan tsaye bisa Funtuwa, ya sami gidan da yake nema. Amma daga ƙasansa, wajen layin kantuna, akwai wani baƙi da ke hawa sama, shi kuwa Labo duk tsufansa bai taɓa ganin hadarin da ya taso daga ƙasa ba.