Hannun Khoat na Dama

Wata laimar tsira daga jirgin sama ta sauko a hankali a kan gonakin shinkafar Dong Sau, fara fat, da mutum yana reto a ƙarƙashinta. Kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa, duk wanda yake dashe a safiyar nan ya yar da irin da ke hannunsa ya rarumi lauje ko sandar gora. Ina cikinsu, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin abin da ya biyo baya ba. Mu muka yi.

Kwana huɗu kafin nan jiragen Amurka sun yi wa jingar kogi ruwan bama-bamai, mutum tara suka mutu. Tun daga ranar babu wanda yake iya zama wuri ɗaya a ƙauyen. Mutum yana dashe, idonsa yana sama.

Sunan mutumin Khoat, amma a lokacin ina muka sani? Sai daga baya muka ji labarinsa. Kiwon ɓauna yake yi a garinsu har ya shekara sha bakwai, soja suka ɗauke shi, likitoci suka jujjuya shi suka ce idonsa da ƙirjinsa na matuƙin jirgi ne. Aka kai shi Rasha shekara uku, ya dawo da ƙaramin jirgin yaƙi mai bindiga uku. Ya kakkaɓo jiragen abokan gaba biyu, ɗaya a kan gada, ɗaya a bakin teku. Abokansa sun ce ba su taɓa ganin mutum mai rashin haƙurin zama irinsa ba. Idan aka sa su jira a cikin jirgi, rana tana gasa su, sai ya yi ta buɗe yatsunsa yana rufewa a kan sandar tuƙi har a ba da umarnin tashi. A safiyar nan su huɗu suka tashi suka tari goma sha shida. Aka harbe wa jirginsa wutsiya, ya kama da wuta, ya yi tsalle.

Mu kuwa abin da muka gani shi ne ƙato, da hular kwano da manyan takalma, fuska duk jini da taɓo.

"Ku tsaya, 'yan'uwa," in ji shi da harshenmu, yana fama da igiyoyin laimar. "Naku ne ni. Sojan sama ne."

Kawu Thiep, shugaban 'yan sa-kai, ya auna shi da tsohuwar bindigarsa. "Namu? To ina takardarka?"

"Tana aljihun wata rigar, a filin jirgi. A guje muka tashi."

"Ji mana. Ai 'yan Saigon da ke kudu ma harshenmu suke yi, kuma su ma suna tuƙa wa Amurka jirage."

"Kawu, dubi jirgin da ya faɗi can, ka ga tutar da ke jikinsa."

"Toka zan duba? Ni wuyanka nake dubawa." Kawu Thiep ya juyo gare mu. "Jama'a, a duk lardin nan wa kuka sani da irin wannan wuya? Shekara biyu muna haɗa shinkafa da rogo, shi kuwa kumatu har suna ƙyalli."

Abin da ya kashe masa magana ke nan. Wa ya taɓa gaya mana cewa gwamnati tana ciyar da matuƙanta nama da ƙwai da madara kullum, don kada jiri ya ɗebe su a sama? A wurinmu duk mai ƙiba a shekarar nan abincin baƙi ya ci.

Sanduna suka fara sauka. Bai rama ba, bai kuma kare kansa ba. Sai ya cusa hannunsa na dama a hammatarsa ta hagu, ya dunƙule a kansa, ya ba mu baya.

"Ku doki bayan," yake cewa. "Ku doki ko'ina. Hannun nan kawai za ku bar mini, don girman iyayenku. Idan ya lalace ba zan sake tashi ba."

Da ya yi shiru da ya fi masa. Goggo Luot tana wurin, wadda 'yarta tilo tana cikin taran da aka binne. Tun ranar jana'iza ba ta yi wa kowa magana ba. Ta ratso mutane da sandar da take ɗaukar kwandunan iri, ta tsaya a kansa.

"Wannan ne hannun?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa. "Da shi kake danna maɓallin bam?"

"Inna, ba ni ba ne."

"Ku miƙo mini shi."

Mutum biyu suka fizgo hannun suka danne a kan jinga. Ni ne na riƙe gwiwar hannun. Sau uku ta sauke sandar, kuma har yau ina jin ƙarar a kunnena.

Daga nan aka bi ƙa'idar da aka koya mana: wanda aka kama, a cire masa takalmi don kada ya gudu, a ɗaure shi ta baya, a kai shi ofishin gunduma. Muka tasa shi gaba a kan jingar da ke tsakanin gonaki. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ga santsi, don an yi ruwa da asuba. Baturen da aka kama a ƙauyen gaba sau biyar ya faɗa cikin ruwa a irin wannan hanya, muna ta jin labarin muna dariya. Samari suka fara zolaya, suna jiran ƙato ya tuntsura.

Bai tuntsura ba. Yana tafe, hannu a ɗaure, yana ɗaga kai sama duk bayan taku biyu, yana lissafa ƙarar jiragen da ke nesa da leɓɓansa. Ƙafafunsa kuwa aikinsu suke yi su kaɗai. Inda jingar ta zabge, ya tsallake ba tare da ya taka ko tushe ɗaya na sabon dashe ba.

Goggo Luot ce take bayansa. Ba zato ta ce, "Thiep, tsayar da shi."

Ta tsuguna a cikin taɓon ta kama ƙafarsa, ta wanke da ruwan gona. Babban yatsan ya buɗe gefe guda, ya rabu da sauran, irin na wanda ya girma yana kafe shi a laka. Ƙwaurin duk tsofaffin tabon matsattsaku ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye tata ƙafar kusa da tasa. Ba su da bambanci sai girma.

"Ɗan wa ne kai?"

"Ɗan manomi, Inna. Ɓauna biyu nake kiwo, ba namu ba ne."

"Ku kwance shi."

Kawu Thiep ya sauke bindigarsa, aka kwance mutumin. Kunya ta rufe mu, kowa yana neman inda zai yar da sandarsa. Aka tura mai keke gunduma ya buga waya, ya dawo da hantsi yana haki: gaskiya ne, filin jirgi suna neman matuƙinsu, mota tana tafe.

Sai ga mu muna rige-rigen yi masa hidima. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a gidan Goggo Luot, aka yanka kazarta mai ƙwai, aka dafa shinkafa zalla babu rogo. Wani ya kawo ganye aka daka aka naɗe masa hannun, wanda ya kumbura ya yi baƙi, yatsu uku sun karkace. Shi dai ya kasa zama. Ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Jirage biyu suka wuce ƙasa-ƙasa zuwa arewa, ya bi su da ido har suka ɓace.

"Biyu," in ji shi. "Da ni uku. Saura ɗaya ban ji shi ba."

Kawu Thiep ya yi ƙoƙarin wasa. "To kai ma, ɗana, ka rage cin nan mana, ka ga abin da ya jawo."

Babu wanda ya yi dariya. Goggo Luot ta zaunar da shi, ta zuba masa shinkafa, ta ɗora cinyar kaza, ta miƙa masa tsinkayen cin abinci, siraran sanduna biyun da muke kamawa da yatsu, da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba. Ya kai hannun dama. Na ga yana umartar yatsun su rufe, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa. Tsinkayen suka zame suka faɗi a kan tabarma. Ya sake gwadawa, suka sake faɗuwa.

"Zai warke ko?" in ji ta. "Likitocinku sun iya aiki, ai za su gyara. Za ka koma ka tare mana su, ko ba haka ba?"

Ya dubi hannun. Mutum ne da ya san abin da likitan sojan sama yake dubawa kafin ya bar matuƙi ya hau jirgi. Sannan ya dubi teburin da ke bayanta, inda turare yake ci a gaban hoton 'yarta.

"Zai warke, Inna," ya ce. "Sati biyu ne. Ba ni cokali."