Albashin Wata Shida

Dala arba'in! A kan dala arba'in kacal lauya Brenda Kowalski ta ce kotu ba za ta yafe wa Dwayne Tackett bashinsa ba.

"Albashinka na wata shidan da suka wuce ake dubawa," in ji ta. "Ka haura iyakar samun da doka ta sa wa mai neman yafiya. Wa ya aike ka aiki har ranar Lahadi?"

Ji wata tambaya! Bashin asibitin marigayiya matarsa Loretta mana. Wata shida yana walda ba hutu, hannu duk tabon ƙuna, don kada a ce ya ci kuɗin mutane. Ashe da ya miƙe ƙafa a gida yana kallon talabijin, da tuni an wanke shi tas.

"Da ku biyu ne a gidan, da ka shiga cikin waɗanda ake yafewa," ta ƙara a hankali. "Yanzu kai kaɗai ake ƙirgawa."

Ya fito yana huci. A bakin ofishin lauyar ya tarar da wani ƙato, ɗan aiken banki, ya ɗaura wa akori-kurarsa sarƙa zai ja ta. In babu motar nan, babu zuwa aiki.

"Kwance ta," in ji Dwayne.

"Wata uku ba ka biya bashin motar ba, Baba," ƙaton ya ce yana taunar cingam. "Taka a hankali, ƙafa ma abin hawa ce."

Dwayne ya zaro ƙarfen kwance taya daga bayan motar, ya sauke masa a gwiwa. Ƙashi ya ce ƙaras! Mutumin ya zube yana ihu, Dwayne ya ƙara masa a baki, cingam ya faɗo tare da haƙora biyu. Ya ci gaba da jibga yana kiran sunan Loretta, jini na bin kwalta. Wallahi daɗi ya ji, rabonsa da jin irinsa tun kafin jana'iza. Sai da 'yan sanda uku suka danne shi, suka goga masa fuska a ƙasa.

Yana wata na bakwai a kurkuku Brenda ta zo da takarda.

"An yi gwanjon motar, kamfani ya sallame ka. Wata shida ko sisi bai shigo maka ba. Yanzu ka cancanta, sa hannu."

Ya sa hannu.

"Shi ke nan, babu mai bina bashi?"

"Na asibiti ya tafi," ta ce tana naɗe takardar. "Saura diyyar mutumin da ka gurgunta, ta ninka wancan sau uku. Irin wannan kuwa kotu ba ta yafewa."