Inda Jemagu Suka Koma

"Jemagu? Kai da girmanka kake cigiyar jemagu?"

Mai sayar da jarida ne ya faɗa yana dariya, har ya ƙwala wa mai faci kira ya zo ya ji. Direba yana tsaye jikin tasinsa, ko injin bai kashe ba, ya bar su suka yi dariyarsu ta ishe su. Su ne na bakwai da ya tambaya tun safe.

"Ai ba su bar adireshi ba," in ji mai faci. "Ka je wajen 'yan sanda ka kai rahoton ɓata."

Direba ya dubi titin. Babban titin tsakiyar birni ne, wanda a da itatuwan maɗaci arba'in da biyu suka yi wa rumfa. Yanzu babu ko ɗaya. Wata biyar ke nan da aka sare su za a yi gadar sama, har kututturan an tone, sai ramuka da ƙarafa da rana mai dukan ƙeya. Dubban jemagun da suka yi shekara da shekaru suna reto a rassan sun watse a yini guda.

Ya shiga mota ya kifa goshi a kan sitiyari. Maƙwabcinsa ne ya jefa shi wannan yawo.

Ɗakunansu suna kallon juna a hawa na uku na wani tsohon benen haya, famfonsu ɗaya, igiyar shanyarsu ɗaya. Baba Jagora kowa ke ce masa, domin ya fi shekara talatin yana zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido a cikin birni. Yakan kai su gidan tarihi da tsohuwar kasuwa da dogon agogon nan da bai taɓa faɗin lokaci daidai ba. Amma duk inda aka je aka dawo, a ƙarƙashin itatuwan maɗaci yake rufe yini, ya sa baƙi su ɗaga kai su ga tashin jemagu. Shekara goma sha ɗaya Direba ne mai tuƙa su.

Sai ciwon suga ya cinye idon Baba, daga baya ya gangara ƙafafu da ƙoda. Ya koma zaman ɗaki, 'yarsa Auta ta ɗauko keken ɗinkinta daga shago ta dawo da shi gida don ta kula da shi. Kullum da yamma, da ya ji takun Direba a matakala, sai ya ɗaga murya.

"Sarkin Birki! Ka bi ta wajen mutanena?"

"Na bi, Baba."

"Suna nan?"

"Suna nan, sun cika wa mutane kunne."

Ranar da aka fara saran, Auta ta tare Direba a bakin famfo ta roƙe shi kada ya faɗa. Ya ce to. Ƙarya kuwa in ta kwana sai ta nemi ado. Yau ya ce jemagu sun kori wani mai sayar da lemo, gobe ya ce wasu baƙi sun zo da kyamara mai tsawon hannu. Baba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, Direba kuma ya koma ɗakinsa jiki a mace, kamar wanda ya yini yana tura mota.

Shekaranjiya aka sallamo Baba daga asibiti. Likita ya ja Auta gefe ya ce ta kai shi gida, abin da yake so ta ba shi. Abin da yake so kuwa bai ɓoye ba.

"Sarkin Birki, ranar Asabar za ka kai ni wajensu. Ba gani zan yi ba, ji zan yi."

Auta ta biyo Direba har matakala, almakashi a hannunta.

"Yaya, ka ce masa motar ta lalace."

"Kullum da safe yana jin ƙararta, Auta. Shi ke gaya mini in salansa ta fara zubar da hayaƙi."

"To in ya je ya ji shiru fa? Wallahi a motar taka zai cika."

"Ba zai ji shiru ba."

Ya faɗa ne kawai don ta daina kallonsa haka. Ga shi yau Juma'a, ya zagaye gidan namun daji da bayan jami'a da maƙabartu biyu, bai ga ko fiffike ba. Fasinja uku suka tsayar da shi ya wuce su.

Yana nan goshi a kan sitiyari sai wata maganar Baba ta faɗo masa, wadda ya ji ta fi sau dubu yana gaya wa baƙi. Jemage da yamma fita yake yi nema, saboda haka mai son sanin gidansa kada ya bi inda suka nufa, ya dubi inda suke ɓullowa.

Ya ja mota zuwa wani dogon gini da ake ajiye motoci hawa-hawa, ya hau har ƙololuwa. Daga can birni ya baje a gabansa, rufin kwano da tankunan ruwa da shirwa tana shawagi a kan mahauta. Ya jira har rana ta yi ja. Can arewa, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya hango wani abu kamar hayaƙi yana tashi siriri, yana bazuwa. Hayaƙi ba ya kaɗa fiffike. Direba ya shiga mota ya nufi wajen.

Ranar Asabar da la'asar ya goyo Baba a baya suka sauko hawa ukun. Tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan, sai ka ce buhun auduga.

"A hankali, Sarkin Birki. Matakala ma sai ka ja mata birki?"

"Ka yi shiru Baba, ko in ajiye ka nan."

"Ajiye ni mu gani. Matarka tana leƙe ta taga, ita za ta rama mini."

Suka kwantar da kujerar gaba, Auta ta zauna a baya da robar ruwa da tawul. Direba ya riga ya tsara hanyarsa tun daren jiya. Zai bi hanyar da suka saba har shataletale na biyu, sannan ya zagaye shi sau biyu don ya ɓatar da lissafin tsohon kafin ya karya arewa.

Baba ya jingina kai jikin gilashi, idanunsa farare suna kallon babu.

"Gidan burodi," ya ce da ƙamshin ya shigo. Da suka faɗa wani rami ya ce, "Har yanzu ba su cike wannan ba? Ya girmi Auta." Da hayaniya ta ƙaru ya ce, "Tsohuwar kasuwa. Jama'a a riƙe jaka da kyau."

A shataletale na biyu Direba ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya saci kallon Baba. Tsohon bai ƙara kiran sunan ko'ina ba har tayoyi suka yi kwaram-kwaram a kan ƙarfen jirgi, suka tsaya a bakin wata ƙofa mai tsatsa. Maigadin da Direba ya roƙa jiya ya buɗe musu.

Tsohon wurin gyaran taragu ne. Ciyawa ta cinye ƙarafa, tarago biyu sun ruɓe a tsaye, a bayansu kuma ga wasu dogayen itatuwa goma sha wani abu, rassansu sun yi baƙi sun ranƙwafa. Tun kafin a kashe inji kukan ya cika motar, tsiwa da cacar baki kamar kasuwar da babu mai saye.

Baba ya ce a sauke gilashi. Ya saurara ya daɗe, bakinsa a ɗan buɗe.

"Mun iso, Baba," in ji Auta. "Ga titinka nan."

"Wane titi? 'Yar nan, titina yana da ƙarfen jirgi?" Ya juya wajen Direba. "Kai kuma, zagaye shataletale sau biyu. Ni za ka yi wa wannan? Ni na koya maka shi, ranar da muka ɗauko baƙin nan da suka ce birnin ya yi musu ƙanƙanta."

Maigadi ya tuntsire da dariya. Direba ya rasa inda zai sa idonsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka sa musu zarto. Makaho ne ni, ba kurma ba. A rediyo na ji, kafin wannan ta ɗauke batir ta ce ya ƙare."

Auta ta rufe fuska da tawul.

"Ko ban ji ba ma ai da na gane," in ji Baba. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ka yabi jemage ba, kullum zagi, wai suna ɓata maka mota da kashi. Rana ɗaya ka dawo kana ba ni labarinsu kamar 'ya'yan ƙanwarka."

"To me ya sa ka bar ni ina ta zuba, Baba? Wata biyar!"

"Na ga kuna ƙoƙari. Kuma ƙaryar taka tana da daɗi, ban san kana da baki haka ba." Ya yi tari, Auta ta ba shi ruwa ya kurɓa kaɗan. "Abin da ya hana ni barci, ban san ko sun sami wuri ba. Na san in na ce ka kai ni, kunya za ta sa ka nemo su."

Direba ya fita ya zagayo ya buɗe masa ƙofa don iska ta same shi. Baba ya karkata kunne sama.

"Ba su kai rabi ba," ya ce a hankali. "Amma su ne. Ka ji wancan mai muryar tsohuwar ƙofa? Irinsa ne ke kwana a itace na uku daga gidan waya." Ya ɗaga yatsa. "Maigadi, matso. Ka taɓa tsayawa ka kalle su?"

"Ni dai wari suke damuna da shi, Baba."

"To yau kai ne baƙona. Jama'a a matso kusa, a rufe baki, a buɗe ido. Waɗannan da kuke gani sun riga kowane bene zuwa garin nan. Ba sa cizo, ba sa shan jini, 'ya'yan itace kawai suke ci, kuma rabin bishiyoyin da kuka sha inuwarsu yau su suka shuka."

Muryar ba ta fita sosai, amma kalmomin ba su canja ba ko ɗaya. Direba ya tsinci leɓɓansa suna bin su. Can Baba ya tsaya.

"Kun ji kukan ya sauya? Yanzu za su tashi."

Bai rufe baki ba reshen farko ya girgiza. Suka fara zubowa sama, goma, ɗari, sannan ba iyaka, fikafikansu suna kaɗawa kamar ana kakkaɓe zannuwa. Maigadi ya cire hula ya saki baki. Auta ta fito ta tsaya tana kallo, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Wani abu ya fara ɗiga a rufin mota, ɗis, ɗis.

A lokacin ne idon Direba ya sauka a gindin itatuwan. Jiya da duhu bai lura ba. Kowane ɗaya an shafa masa jan fenti, an rubuta lamba. Irin fentin da ya gani a babban titi sati biyu kafin zarto.

"Sarkin Birki," in ji Baba. "Nan ɗin za a bar su?"

Auta ta bi idon Direba ta ga abin da ya gani. Ta girgiza masa kai da sauri. Amsar tana bakinsa a shirye, wata biyar yana maimaita irinta. Ya durƙusa a bakin ƙofar motar, ya kama hannun tsohon mai sanyi.

"An shafa musu jan fenti, Baba. Duka."

Jemagu suka ci gaba da zubowa sama.

"To," in ji Baba. "Sai ka sake hawa wani benen ka duba." Ya matse hannun kaɗan. "Ka ga ka faɗi gaskiya ban mutu ba. Mu je gida, na gaji."

A hanyar komawa bai kira sunan ko'ina ba, barci ya yi. Direba ya bi kowane rami a hankali, bai ja birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba.

Ranar Lahadi Baba bai ci komai ba, Direba ma bai fita aiki ba. Ranar Litinin da hantsi ya sauko da bokiti da soso zai wanke mota, ya zuba omo ya kaɗa har kumfa ta taso. Daga hawa na uku ƙarar keken ɗinkin Auta tana saukowa kamar kullum. Sai ta tsaya. Ya jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Ya ji an buɗe ƙofa, ya ji takun matarsa da gudu a baranda, sannan muryar Auta, ba da ƙarfi ba.

"Yaya. Yaya, ka hau."

Ya ajiye soson a kan bonet ya nufi matakala.

Har yamma motar tana nan a ƙofar gida, rufinta da gilashinta duk ɗigon jemagu ya bushe a kai. Masu shigowa gaisuwa suna raɓa ta suna wucewa. A gefen taya bokitin yana nan inda ya bar shi, kumfar ta kwanta, ruwan ya yi lumui.