Alhaji Saaka Ba Lamba Ba Ne

Issaka tela ne a unguwar Maamobi, ba ruwansa da kwamfuta. Ubansa ne mai hoto. Da tsohon ya rasu ya bar masa akwatuna cike da fuskokin mutanen Zango, har ruwan kwata ya shiga ɗaki wata damina ya fara cin su. Fa'iza, 'yar yayarsa, mai aikin adana tsofaffin takardu, ita ta kwashe su ta saka a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto ta ba shi suna da haruffan unguwa, lambar akwati da lambar hoto. Ta kuma yi jagora a intanet, inda aka rubuta ko wane ne a ciki. Ka taɓa layin, hoton ya buɗe.

Ta ajiye kwamfutar a shagonsa, ta ba shi lambar sirri, tunda kayan ubansa ne. Abu ɗaya ta ja masa kunne a kai: da sunan nan na haruffa da lambobi jagorar take kiran hoto, in aka taɓa ko harafi ɗaya za ta kira ba a amsa ba. Ya ce ya ji. Ya ji daɗi ma, don abin da ya rage masa na tsohon ke nan.

Sai ga Alhaji Saaka, aminin marigayin, wanda ya tsaya wa Issaka waliyyi ranar aurensa. Ya ga hotonsa a kwamfutar yana saurayi, ya yi dariya, sannan idonsa ya sauka ƙasan hoton.

"Issaka, ni ne MB-03-147? Trotro ne ni, motar haya?"

Issaka ya fara bayani. Tsohon bai saurara ba, ya ce shi da ya je Makka ya dawo ba za a ajiye shi da lamba ba, yana da rai. Issaka ya goge, ya rubuta Alhaji Saaka da yatsa ɗaya.

Labari ya zaga Maamobi har maƙwabciyarta Nima. Hajiya Adiza mai waken shinkafa ta zo a gyara nata. Wani ya sauke farali, a ƙara masa Alhaji. Wani ya rasu, 'ya'yansa suka zo tun kafin addu'ar bakwai a sa Marigayi. Ɗinki ya taru a kan tebur, Issaka yana ta goge-goge, kullum yana cewa wannan ne na ƙarshe.

Ranar wata Asabar Fa'iza ta sauko daga unguwarsu Madina, ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce mutane daga Kumasi har Jamus suna taɓa layi ba abin da ke buɗewa. Ta nuna masa cewa Alhajin da Hajiyar duk suna nan a jagora, can ne wurinsu. Ya ce ya sani, amma tsofaffin ba jagora suke kallo ba, ƙasan hoton suke kallo.

Wuni guda tana mayar da lambobi, yana zaune yana kallon sunayen suna ɓacewa. Da ta gama ta ce, "Kawu, na gaji. In aka sake, ba zan ƙara gyarawa ba, aikin ya mutu ke nan."

Issaka ya ɗaga kai. Ta ƙofa ya hango Alhaji Saaka a bakin lungu, yana tahowa a hankali da sandarsa, da wani baƙo a gefe, da gani hoton zai nuna masa.

"Canza lambar sirrin," in ji Issaka. "Kada ki gaya min."

Ta tambaye shi ko ya tabbata, don daga yau sai dai ya kalla kamar kowa.

"Mutumin nan ba zan iya ce masa a'a ba. Canza."

Ta canza. Issaka ya kwashe yadudduka daga kan benci, ya karkaɗe shi, ya fita tarar tsohon.